Ranar da Na Ga Majayi Na Yi Shiru

Akwai wata Lahadi da ba na jin za ta fita daga raina har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, kuma mafi yawansu kafin in tashi daga kujera na manta su. Amma abin da ya faru a gandun dajin bayan Maiduguri a ranar nan, har yau ina iya faɗin sa daki-daki, har da launin rigar da kowa ya sa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, jirgin ƙasa ma bai iso garin ba tukuna. Ina aiki a ƙaramin gidan rediyon lardi, ina fassara labarai zuwa Hausa, in shiga in karanta. Mu biyu ne a teburin Hausa, ni da wani abokina ɗan unguwar Lamisula. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, kuma tun daga ranar kwano ɗaya muke ci. Shi yana kirana Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce masa Babarbare. Ko a gaban manya haka muke yi, ba wanda ya taɓa jin haushin wani.

Ni a gida na tashi da Hausa. Mahaifina Bakano ne, dillalin dawaki, ya zo ya zauna a unguwar Gamboru tun kafin a haife ni. Ba na barin kuskure ya wuce ta hannuna, kuma ina alfahari da hakan. Abokina kuwa a kasuwa ya tsinci tasa Hausar, harshen Barebari yana jan ta ta ko'ina. Kullum kafin ya shiga ɗakin magana sai ya turo mini takardarsa ya ce, "Afuno, duba mini." In ɗauki jan alƙalami in bi ta layi-layi. Amma da zarar ya zauna gaban makirufo ya buɗe baki, sai ka ga masu shayi sun daina kaɗa cokali. Allah ya ba shi murya mai sanyi, kamar yana zaune kusa da kai a tabarma ɗaya. Wasiƙun masu sauraro idan suka zo, nasa tuli guda, nawa kuwa biyu ko uku, su ma yawanci malaman makaranta ne ke tambayar ma'anar wata kalma. Hausar da nake gyarawa da hannuna ita ake yaba masa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa abin bai dame ni ba.

Sai takarda ta zo daga Kaduna, ana neman mutum ɗaya ya je kwas na wata shida. A lokacin duk wanda ya je wannan kwas ya dawo, ya wuce tsaransa ke nan. Shugabanmu ya kira mu ofis ya ce abokina ne zai tafi, ranar Alhamis ta sama. Da ya ga fuskata sai ya ce, "Kai ai ka gama iyawa, me za su koya maka?" Na yi murmushi, na miƙa wa abokina hannu, na yi masa fatan alheri da Hausa mai kyau wadda babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Shugaban namu yana da wani amini, dattijo, malamin daji, wanda ke kula da gandun da ke bakin kogin Ngadda. Yana da dawaki uku na rangadi, ban da nasa na hawa. Shugaba ya ce tunda abokina zai tafi, mu je can ranar Lahadi mu sha iska, mu taka daji, mu hau dawaki, ya zama shi ne sallamarmu. Da na ji zancen dawaki sai zuciyata ta ɗan yi sanyi. Abokina bai taɓa hawa komai ba sai keke da jakin kakarsa. Ni kuwa a bayan doki na girma. Na ce a raina, ko ba komai akwai rana ɗaya da zan fi shi a gaban shugaba.

Muka fita da sassafe a kan kekuna, mu uku. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Muka ajiye kekunan a bukkar masu gadi a bakin gandu, inda malamin daji ke jiranmu, muka shiga da ƙafa, don sansaninsa yana can ciki, tafiyar kusan sa'a guda. Ban taɓa jin shiru irin na wurin ba. Da farko itatuwan darbejiya ne da aka shuka a jere, inuwarsu ta haɗe, ganye a ƙasa yana shanye ƙarar takalmi. Can gaba aka shiga dajin Allah, bagaruwa da gawo da kanya, da magarya nan da can. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da numfashinka. Wuri ne da ya kamata mutum ya sami natsuwa. Ni kuwa duk tafiyar nan ƙeyar abokina nake kallo.

Tun a bakin gandu ya tari dattijon da "Wushe, wushe, Baba!" suka ɓarke da Barbarci kamar sun shekara da sanin juna. Ina jin yaren, amma ba na iya wasa da shi. Kafin mu yi nisa dattijon ya riƙe masa hannu, yana nuna masa sawun gada da ramin bushiya, yana tsinko masa 'ya'yan itace. Ni na san sunan kowace bishiya a wurin, shi bai san ko rabi ba, amma shi ne ke tambaya, kuma mai tambaya shi ake so. Ya tsaya gindin wata ƙatuwar bishiyar gawo ya ɗaga kai ya ce, "Afuno, wannan fa da Hausarku me ake ce mata?" Na faɗa masa. Ya maimaita da muryar karanta labarai, ya ƙara da cewa wakilinmu na daji ya shaida mana bishiyar tana nan lafiya. Shugaba ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ni ma na yi, amma tawa a leɓe ta tsaya.

A sansani muka tarar da dawakin a turke. Da kallo ɗaya na san wanda ya fi: wani akawal, baƙi wuluk, ƙirji faffaɗa, kunnuwa a tsaye. Na nufe shi ina shafa wuyansa, na buɗe bakinsa na duba haƙora yadda mahaifina ke yi, na faɗi shekarunsa. Dattijon ya ce, "A'a, ashe da ɗan gida muke tafe." Shugaba ya gaya masa sana'ar mahaifina. Na ji daɗi, na kama igiyar akawal ina jira a ce in hau.

Sai dattijon ya karɓi igiyar daga hannuna a hankali ya ce, "Ɗana, a wurinmu matafiyi ake bai wa babban doki. Wanda zai bar gari shi ne ango yau." Ya miƙa wa abokina. Ni aka kawo mini wata tsohuwar goɗiya mai ramammen wuya, wadda ko ƙuda ba ta iya kora da kuzari. Abokina ya dube ta ya dube ni ya ce, "Afuno, ka gaishe ta da ladabi, sa'ar kakarka ce." Aka sake yin dariya.

Dattijon da kansa ya ɗaura sirada. Ina tsaye ina kallo lokacin da yake jan majayin akawal, wato ɗamarar da ke ratsa ƙarƙashin cikin doki ta riƙe sirdi. Na ga dokin ya ja numfashi ya kumbura ciki. Dabara ce da dawaki da yawa suka iya: su cika ciki da iska lokacin ɗauri, in an yi 'yar tafiya su saki, majayi ya yi sako-sako. Shi ya sa duk mai doki ya san ba a gama ɗaurin sirdi a turke. Sai an taka kaɗan, a sauka, a zura yatsu ƙarƙashin majayi, in sun shiga da sauƙi a ƙara ja. Wannan shi ne abu na farko da mahaifina ya koya mini, da bulala kuwa. Dattijon ma ya sani. Ya ce za mu tsaya a gindin wata tsamiya a gaba mu duba ɗauri, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ba sai na koya maka ba. Ka sa ido a kan ɗan'uwanka." Na ce, "To, Baba."

Muka kama hanya a jere, a hankali. Na zaci abokina zai rikice, ya riƙe gaban sirdi da hannu biyu. Ina! Ya zauna daram, farar rigarsa a kan baƙin doki, yana yi wa akawal hira da Barbarci, dokin kuma yana kaɗa kunne kamar yana fahimta. Shugaba ya waiwayo ya ce, "Wannan yaro duk abin da ya taɓa sai ya yi masa kyau." Ina bayansu a kan goɗiyata, kalmomin nan suka shige ni kamar ƙaya.

Da muka isa tsamiyar muka sauka. Shugaba ya ja dattijon gefe, wai ya nuna masa inda ake renon ƙananan itatuwa, don yana son na shukawa a ƙofar gidansa. Muka rage mu biyu. Na zura hannu ƙarƙashin majayin goɗiyata, na ƙara ja, na ɗaure. Hannuna ne ya yi aikin, ko tunani ban yi ba. Sannan na dubi akawal. Tsakanin majayinsa da cikinsa akwai sarari, har hasken rana na gani ta wurin. Ba yatsu ba, hannu ɗungurungum zai shiga.

Abokina yana ta fama da igiyar likkafa, wurin sa ƙafa. Ya ce, "Afuno, duba mini. Likkafar nan ta yi daidai kuwa?"

Na matsa, na auna ta da tsawon hannunsa, na ce, "Likkafa ta yi daidai."

Gaskiya na faɗa. Likkafar ta yi daidai. Na daɗe ina riƙe da wannan hujja kamar za ta wanke ni.

Ina so mai karatu ya san abin da ke raina a lokacin, ba don in rage laifina ba, sai don in faɗi abu yadda yake. Ban yi nufin ya ji ciwo ba. Dattijon ya riga ya gaya mana daga tsamiya hanya rairayi ce. Na hango sirdi yana zamewa a hankali, ango yana sulalowa ƙasa, farar riga ta yi buɗu-buɗu, shugaba yana dariya, ni kuma in sauko in ɗaure masa majayi a gaban kowa, in bayyana yadda ake yi. Faɗuwa ƙarama na yi masa tanadi, daidai girman haushina. Na manta doki ba takarda ba ne da zan ce ga iyakar inda kuskure zai tsaya.

Su shugaba suka dawo. Dattijon ya dube ni ya ce, "An kimtsa?" Na kama linzamin goɗiyata na hau, kamar ban ji ba. Ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

Ba mu bi ta rairayin ba. Dattijon ya ce tunda rana ba ta yi zafi ba, bari ya zaga da mu ta fadama mu ga ruwa. Ƙasar wurin baƙar laka ce, ruwa ya janye ta bushe ta tsattsage, tauri kamar dutse. Da na ga haka na tuna majayin akawal. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna in na faɗa yanzu za a tambaye ni me ya hana ni faɗa a tsamiya. Na ce bari mu ƙetare tukuna. Wannan shi ne shiruna na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Muna tsakiyar fadamar garken zabin daji ya tashi fir daga cikin ciyawa, daf da hancin akawal. Dokin ya zabura gefe, ya zuba da gudu. Na ga sirdin ya juya kamar an murɗa shi, farar riga ta karkata, ƙafar abokina ɗaya ta maƙale a likkafa. Dokin ya ja shi taku biyar ko shida kafin ƙafar ta fita. Da fuska ya sauka.

Ni na fara isa wurinsa. Leɓensa na sama ya tsage, haƙoransa biyu na gaba sun fita, jini ya wanke gaban rigar. Idonsa biyu. Ya kama hannuna ya riƙe gam, yana ƙoƙarin magana, abin da ke fita ba kalma ba ne. Ni ya riƙe, ba shugaba ba.

Dattijon ya bi akawal ya kamo shi, sirdi yana reto a ƙarƙashin ciki. Ya tsaya ya duba majayin, bai tsinke ba. Sai ya tako zuwa wurin goɗiyata, ya gwada zura yatsu ƙarƙashin nata majayin. Ko ɗan yatsa ɗaya bai shiga ba. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan cikinta. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce da Hausa a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Mahaifinka ya koya maka aiki da kyau." Bai ƙara yi mini zancen ba, ranar ko bayanta. Da shugaba ya tambayi abin da ya jawo, sai ya ce, "Dokina ne, a gandun da nake tsaro, laifina ne."

Muka ɗora abokina a kan goɗiyar, don ita ce ba ta da garaje. Na ja ta da ƙafa har bakin gandu. Dajin nan yana nan da shirunsa, kurciyoyi suna ta kuka kamar ba abin da ya faru. A bakin hanya muka sami motar itace ta kai mu asibiti. Aka ɗinke leɓen, likita ya ce muƙamuƙinsa ma ya tsage, zai yi makonni bai yi doguwar magana ba.

Ranar Talata shugaba ya kira ni ofis. Ya ce ba za a bar gurbin ya tafi a banza ba, ni zan tafi Alhamis. Ya ƙara da cewa da ya je dubiya, abokina da kansa ya nemi takarda ya rubuta sunana. Na fito daga ofis da abin da na yi kwanaki ina ƙyashi a hannuna, na ji kamar an ɗora mini buhun gishiri a ka.

Laraba da la'asar na tafi Lamisula. Na same shi kwance a zaure, fuska a kumbure, ga kwanon kunu a gefe. Da ya gan ni idanunsa suka yi dariya. Ya ce da ƙyar, ta tsakanin haƙora, "Afuno, ka zo ganin ango?"

Na zauna a bakin tabarma na gaya masa komai, a jere, yadda nake karanta labarai, ban tsallake ko ɗaya ba. Yana kallon rufin zaure ya jefo mini tambaya.

"Da idonka ka gani?"

"Na gani."

"Kuma na tambaye ka."

Har yau ina jin kunyar abin da ya fito daga bakina. Na ce, "Likkafa ka tambaye ni."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Haka ne, Malam. Likkafa na tambaya." Ya gyara kwanciya ya fuskanci bango. "Na yafe maka. Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Na tafi Kaduna, na yi wata shida, na dawo da takardar shaida. Na tarar ya koma aiki. Iska tana ɗan fita ta giɓin haƙoransa in yana magana, shi ya sa aka ɗauke shi daga labarai aka mayar da shi shirin gaishe-gaishe. Wani gurbin kwas bai sake zagayowa kansa ba. Amma wasiƙu ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, har mata a unguwar Bulabulin suna kwaikwayon 'yar fitar iskar nan don ƙauna. Nawa kuwa suna nan biyu ko uku. Kaduna ta ƙara mini matsayi, ba ta ba ni abin da nake yi wa ƙyashi ba, domin dama ba a Kaduna yake ba.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Mun ƙara shekara goma sha ɗaya a ofis ɗaya, ya zo sunan 'ya'yana, na je na nasa, kullum da fara'a da mutunci. Amma bai sake turo mini takarda ya ce in duba masa ba. Kuma tun daga la'asar ɗin nan har ya bar duniya, Malam yake kirana. Mutane suna ganin girmamawa ce. Ni kaɗai na san abin da aka karɓe.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum yana iya cutar da ɗan'uwansa ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba, ya isa ya zaɓi gaskiyar da zai faɗa ya haɗiye sauran. Kuma hassada ba ta zuwa da girmanta, takan ce maka faɗuwa ƙarama ce kawai, a kan rairayi. Shi ya sa duk yaran da suka koyi aiki a hannuna, in suka kawo takarda suka ce in duba musu layi ɗaya, nakan duba shafin gaba ɗaya, in faɗi duk abin da na gani, ko ba a tambaye ni ba. Suna cewa na cika tsanani. Ban taɓa gaya musu cewa da za a karɓi takardar Kaduna da duk abin da ta jawo mini, a bar ni in sake jin muryar nan ta ce "Afuno, duba mini" sau ɗaya, da na bayar ban waiwaya ba.